Almakashi da Reshe: Horon Ikebana da Tasirinsa a Kan Fasahar Zamani



A unguwar Akasaka ta birnin Tokyo akwai wani gida da ake kira Sogetsu Kaikan. Duk wanda ya bi diddigin fasahar zamani a ƙasar Japan, ko ta wace hanya ya biyo, sai ya iske kansa a ƙofar wannan gida. Daga 1958 zuwa 1971 cibiyar fasaha da ke cikinsa ita ce matattarar masu sabon abu waɗanda sauran wurare suka ƙi karɓa. Ita ce ta gayyato John Cage, mai tsara kiɗan nan na Amurka, cikin 1962, ya zo ya rikita makaɗan ƙasar har suka daɗe suna zancen. A kan dandalinta Yoko Ono ta zauna cikin 1964, ta ajiye almakashi a gabanta, 'yan kallo suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna yankar tufafin da ke jikinta. Kusa da ƙarshen wannan shekara kuma Robert Rauschenberg, shi ma Ba'amurke, ya tsaya a wurin, aka yi ta jefa masa tambayoyi bai amsa ko ɗaya da baki ba, sai dai ya duƙufa yana manna tarkacen titi a jikin wani allon naɗewa mai ruwan zinariya. Mai wannan gida kuwa, wanda ya biya kuɗin ginin da na baƙin, makarantar koyon jera furanni ce.

To, me ya haɗa sana'ar da ake koya wa 'yan mata kafin aure da waɗannan masu tayar da ƙura? Amsar wannan tambaya ta shafi wani abu da ke damun kowane ɗalibi da ya daɗe a gaban malami, da kowane ma'aikaci da ya daɗe a ƙarƙashin ƙa'idar ofis, watau ko dogon horo mai tsanani yana kashe basirar ƙirƙira ne, ko kuwa shi ke haifar da ita. Tarihin ikebana bai ba da amsa mai sauƙi ba, amma ya ba da misalai waɗanda za a iya dubawa da ido.

Kalmar ikebana ta fito daga kalmomi biyu na Japananci: ikeru, watau rayarwa ko ajiye abu da ransa, da hana, watau fure. Fassara ta da "jera furanni" ya rage mata nauyi, gama sau da yawa furen shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Reshe da ganye da ruwa da mazubi su ne manya. Asalinta furannin da ake ajiyewa a gaban mutum-mutumin Buddha, bayan addinin ya shiga ƙasar cikin ƙarni na 6. A 1462 wani malamin ibada ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa Ikenobo Senkei, na haikalin Rokkakudo da ke Kyoto, ya jera rassa a mazubin zinariya, mutanen gari suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Daga wannan haikali makarantar Ikenobo ta samo tushe, ita ce kuma mafi tsufa. A wannan zamani ne gidajen manya suka fara samun tokonoma, wani lungu a bangon ɗakin baƙi mai kama da alkuki, sai dai ya fi shi girma ƙwarai, inda ake rataye rubutu ko zane, a ajiye furanni a ƙasansa. Salon da ya bunƙasa a nan shi ne rikka, mai manyan rassa bakwai, daga baya suka zama tara, kowanne da sunansa da mazauninsa, dukansu kuma suna kwatanta ƙasa guda da tsaunukanta da kwarurukanta a cikin mazubi ɗaya.

Sen no Rikyu, gwanin shan shayi wanda ya rasu a 1591, ya bi akasin wannan hanya. Ana ba da labari cewa mai mulki Hideyoshi ya ji labarin wasu furanni masu buɗewa da asuba da suka cika lambun Rikyu, ya ce zai zo kallo. Da ya iso sai ya tarar an tsinke su ƙaf, ya shiga ɗakin shayi a fusace, ya iske guda ɗaya tak a cikin tokonoma. Ko labarin ya faru haka ko an ƙawata shi, Japanawa sun riƙe shi domin ya faɗi abin da sana'ar ta ɗauka shi ne gaskiyarta. Cikin ƙarni na 18 aka sauƙaƙa rikka zuwa rassa uku, waɗanda aka saba fassarawa da sama da ƙasa da ɗan Adam. Bayan 1868, sa'ad da Japan ta buɗe ƙofarta ga Turai, sana'ar da da ta maza ce ta koma darasin 'yan mata, furannin Turai masu gajeren kara suka shigo kasuwa, Ohara Unshin kuma ya ƙago salon moribana, inda ake jera su a faffaɗan kasko mara zurfi. Makarantun ikebana sun yi ta rarrabuwa har suka haura dubu.

Yanzu sai a shiga ɗakin karatu, domin a nan ne maganar take. Ɗalibar da ta je darasin farko a makarantar Sogetsu za a ba ta kasko, da almakashi, da 'yan rassa, da furanni kaɗan, da wani abu mai suna kenzan, ɗan faifai ne mai nauyi wanda aka dasa wa ƙusoshi birjik, tsininsu na kallon sama, a kansa ake kafa kara. Sa'an nan a ba ta lissafi. Babban reshe, shin, tsawonsa shi ne faɗin kasko a haɗa da zurfinsa a ninka sau ɗaya da rabi. Na biyu, soe, kashi uku cikin huɗu na babban. Na uku, hikae, ya fi su gajarta. A salon tsaye na farko babban reshe zai karkata digiri 10 zuwa 15, na biyu digiri 45, na uku digiri 75, kowanne kuma da kafaɗar mai jerawa da zai fuskanta. Ana yanke gindin kara a cikin ruwa don kada iska ta shiga ta toshe masa hanyar sha. In ta gama sai malama ta zo ta duba, ta karkata wannan, ta cire wancan, wani lokaci ta tuge duka ta ce a sake. Daga nan ɗalibar ta zana abin da aka gyara a littafinta, ta warware aikin da hannunta, ta naɗe rassan a takarda, ta tafi gida ta sake kafa su. Haka za ta yi ta yi, mako bayan mako, tana bin salo iri-iri a kasko da kuma doguwar tukunya wadda ba a sa mata kenzan, kafin a ce ta kai matakin da za a bar ta ta jera abin da ranta ya ba ta.

Wanda ya kalli wannan daga waje zai ce ai babu fasaha a ciki, hadda ce kurum. Amma lissafin yana da wata dabara. Digiri 45 ba ya canzawa, reshe kuwa ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Wannan ya lanƙwasa hagu, wancan yana da ƙulli a tsakiya, kowanne kuma yana da fuska da ƙeya, gwargwadon gefen da ya riƙa kallon rana sa'ad da yake jikin bishiya. Saboda haka tilas ɗalibar ta juya reshen a hannunta, ta daɗe tana dubansa, kafin ta gane inda zai yarda ya tsaya. Ƙa'idar da ba ta motsi ita ce ke tilasta wa ido ya lura da abin da ke motsi. Bayan shekara biyu ko uku ana iya manta lissafin, amma idon ya riga ya samu.

Abu mafi wuya da ake koya shi ne ragewa. Mai zane yana farawa da farar takarda ya yi ta ƙarawa, in ya yi kuskure ya shafe. Mai ikebana yana farawa da abin da ya yi yawa, aikinsa shi ne ya gane wane ganye ne ke rufe layin reshe, ya sa almakashi. Abin da aka yanke ba ya komawa. Sabon ɗalibi yakan ji tsoron almakashi, ya bar komai, aikinsa ya fito kamar ƙunshin ciyawa. Ko kuwa ya yi zarin yanka ya bar sanda tsirara. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani wuri da ba a koyar da shi da baki. Kuma abin da ake nema da yankan shi ne sararin da ke tsakanin rassa, wanda Japanawa ke kira ma. Su a wurinsu wannan sarari ɓangare ne na aikin, ana auna shi kamar yadda ake auna reshe, kamar dai yadda gwanin makaɗi ya san shirun da ke tsakanin bugu biyu na cikin kiɗan. Har ila yau ba a jera furanni sai an san inda za su zauna, da tsawon bangon, da inda haske ke shigowa, da inda baƙo zai durƙusa. A ƙarshe kuma aikin kwana uku ne ko huɗu. Wanda ya yi shekara goma yana zubar da aikin hannunsa a kwandon shara kowane mako ba zai ɗauki dawwama da irin muhimmancin da mai sassaƙa dutse ya ɗauke ta ba.

To, waɗannan halaye su ne fasahar duniya ta zo tana nema bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masu fasaha suka gaji da zanen da ake ratayewa a bango a sayar, suka koma ga aikin da ake girkawa a wuri guda, da kayan da aka tsinto, a bar shi 'yan kwanaki a kwashe. Ba daga ikebana wannan yunƙuri ya fito ba. Yana da tushensa a Turai da Amurka, kamar ɗakunan da Kurt Schwitters ya cika da ginin tarkace a gidansa na Hanover tun kafin yaƙi. Sai dai lokacin da ya iso Japan ya tarar da mutanen da hannunsu ya riga ya saba da shi.

Tawayen ya fara ne daga cikin gida. A farkon shekarun 1930 wasu matasan malamai suka tsara wata sanarwa ta sabuwar ikebana, inda suka ce sun yar da tsayayyen salo, da begen zamanin da, da wa'azin ɗabi'a da aka jingina wa sana'ar, suka ce kuma mai jerawa yana da ikon ya yi amfani da kowane tsiro da kowane mazubi. Jagoransu Shigemori Mirei, wanda ƙaunar zanen Turai ta sa ya ɗauki sunan Mirei daga sunan mai zanen Faransa Millet, bai tsaya kan furanni ba. Ya koma tsara lambuna, ya zaga ƙasar yana auna tsofaffin lambuna ɗaruruwa, a 1939 kuma ya yi lambun haikalin Tofukuji a Kyoto, inda ya shimfiɗa duwatsu masu kusurwa huɗu a cikin gansakuka kamar gidajen dara, suna raguwa kaɗan-kaɗan har su ɓace. Shi ne daga baya ya taimaki Isamu Noguchi, mai sassaƙan nan ɗan Japan da Amurka, wajen zaɓen duwatsu a tsibirin Shikoku domin lambun hedkwatar UNESCO a Faris.

Cikin abokan Shigemori akwai Teshigahara Sofu, wanda aka haifa a 1900. Ubansa malamin ikebana ne, ya hore shi tun yana yaro, har ya ƙware, sa'an nan suka saɓa. A 1927 ya kafa makarantar Sogetsu bisa ra'ayin cewa kowa na iya yin ikebana, a ko'ina, da kowane irin abu. Bayan 1945 wannan ra'ayi ya sami gwaji na gaske, domin Tokyo ta ƙone, furanni sun yi wuya, abin da ke akwai shi ne ƙonannen itace da karyayyen ƙarfe. Sofu ya ɗauke su ya yi aiki da su. Ya riƙa haɗa manyan kututture da saiwoyi, wani lokaci ya lulluɓe su da fallen ƙarfe, har aikin ya fi mutum tsawo, babu ko fure ɗaya a jikinsa. A 1955 ya yi nuni a fadar Bagatelle da ke Faris, mujallar Time ta kira shi Picasso na furanni, mai sharhin Faransa Michel Tapié kuma ya sa shi cikin jerin masu fasahar da yake tallatawa a Turai. Amma wanda ya duba ayyukan nan da idon ɗalibi zai ga shin da soe da hikae suna nan a ɓoye: babban layi, da mai tallafa masa, da mai riƙe gindi. Ya fita daga gidan ubansa, bai fita daga lissafin ubansa ba.

Maginan tukwane ma sun ci moriyar wannan sauyi. Tun da malaman ikebana sun fara neman mazubai masu baƙuwar siffa, kuma suna da kuɗin saye, sai matasan magina na Kyoto suka sami kasuwar da ta ba su damar yin gwaji. Ƙungiyar Sodeisha, wadda Yagi Kazuo da abokansa suka kafa a 1948, ta bi wannan hanya har bakin tukunya ya yi ta ƙanƙancewa, daga bisani aka daina damuwa da ko za ta riƙe ruwa. A 1954 Yagi ya gina wani abu mai kama da zobe a tsaye, da 'yan bututu suna fitowa daga jikinsa ta ko'ina, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin sassaƙar yumɓu ta zamani a Japan.

Sai maganar kuɗi, wadda littattafan fasaha sukan yi wa tsallake. Kowace makaranta tana ƙarƙashin iemoto, watau tushen gida, shugaba ne mai gadon kujera kamar yadda sarautar sana'a ke bin gida. Shi ke ba da takardar shaida, takardun kuwa mataki-mataki ne, kamar matakan girma a aikin gwamnati, illa dai a nan mai hawa ne ke biya. Wadda ta sami izinin koyarwa za ta tara nata ɗalibai, kuɗin takardunsu kuma ya hau sama zuwa hedkwata. Bayan yaƙi ɗalibai suka yi yawa ainun, har matan hafsoshin Amurka da ke zaune a Tokyo suka shiga, ɗayarsu ma, Ellen Gordon Allen, ta kafa ƙungiyar ikebana ta duniya a 1956. Da wannan kuɗi Tange Kenzo ya zana ginin Sogetsu na 1958, da shi aka kawo Cage da sauran baƙi, da shi kuma aka sake ginin a 1977, Noguchi ya shimfiɗa lambun dutse a zaurensa. Watau tsarin da ya fi kowane tsari riƙon gado da biyayya shi ya ɗauki nauyin masu rushe gado. Ya kamata kuma a faɗa cewa masu biyan kuɗin nan kusan dukansu mata ne, waɗanda sunayensu ba su shiga littafi ba, alhali sunayen da suka shiga galibi na maza ne. Haka nan kada almakashin Yoko Ono ya ruɗi kowa ya ce daga ikebana ta ɗauko shi; abin da makarantar ta ba ta shi ne dandali.

Wanda ya shugabanci wannan cibiya shi ne ɗan Sofu, Teshigahara Hiroshi, wanda aka haifa a 1927. Zane ya karanta a makarantar fasaha ta Tokyo, ya guji sana'ar gida ya shiga shirya fim. Fim ɗinsa na 1964, Suna no Onna, watau matar cikin rairayi, wanda aka ɗauko daga littafin Abe Kobo, ya ci lambar alƙalai ta musamman a bikin Cannes, aka kuma sa sunansa cikin masu takarar Oscar ta gwanin darekta. Labarin wani malamin makaranta ne da aka tsare a gidan wata mata a ƙasan ramin rairayi, su biyu suna kwasar rairayi kowane dare don kada ya binne su. Wanda ya kalli fim ɗin zai lura cewa rairayin ba shimfiɗar labari kaɗai ba ne. An daɗe ana kallonsa yana gangarowa, yana tsagewa, yana manne wa fata, kamar yadda ake juya reshe a hannu. Da ubansa ya rasu a 1979, ƙanwarsa Kasumi da ta gaje shi ita ma ta rasu a 1980, sai kujera ta faɗo kansa. Abin da ya kawo shi ne itacen gora. Yakan sa a tsaga dogayen gora, a lanƙwasa su da ƙarfin jikinsu, a ɗaure, har su zama rumfa ko doguwar hanya mai baka wadda mutum zai shiga ya ratsa. Ya yi irin wannan a Seoul, da Milan, da Washinton. A nan mazubin ya zama ginin kansa, mai kallo kuma maimakon ya durƙusa a gaban tokonoma sai ya sami kansa a cikin sararin da ke tsakanin rassa. Ya rasu a 2001, 'yarsa Akane ta gaje shi.

Akwai kuma wanda ya bi hanya mafi tsada. Nakagawa Yukio, haifaffen Marugame a 1918, ciwon ƙashin baya ya same shi tun yana ƙarami ya bar shi da doro. Ya yi karatu a makarantar Ikenobo, ya aika wa Shigemori hotunan aikinsa, Shigemori ya yaba, ya jawo shi cikin ƙungiyarsa. A 1951 ya tsayar da kan kabeji guda ya ce aikinsa ke nan, aka yi saɓani da shugabannin makaranta, ya fita. Bai shiga wata ba, bai kuma kafa tasa ba. A ƙasar da abincin malamin ikebana ke fitowa daga takardun shaida, wannan daidai yake da zaɓen talauci, kuma talaucin ya yi, shekaru da yawa a ɗan ƙaramin ɗaki a Tokyo.

Abin da Nakagawa ya gani shi ne makarantu suna nuna rabin rayuwar fure ne kawai, daga toho zuwa buɗewa, sa'an nan a kwashe kafin baƙo ya ga sauran. Shi sai ya tsaya a kan sauran. A 1973 ya tsinke jajayen furannin kaneshan 900, ya danna su cikin wani mazubin gilashi, ya kife shi a kan farar takardar Japan. Da furannin suka fara ruɓewa sai ruwansu ya tsattsafo, ja wur kamar jini, ya bi takardar yana yaɗuwa. Ya kira aikin Hanabozu. Babu reshe, babu digiri 45, amma sai wanda ya yi shekaru yana taɓa furanni zai san yawan ruwan da ke jikinsu, da ranar da za su sake shi, da irin takardar da za ta sha shi ba ta yage ba. Wannan sani ba a samunsa a makarantar zane. Cikin watan Mayu na 2002, yana da shekara 83, ya sa jirgi mai saukar ungulu ya zubo ɓawon furannin tulif 200,000 a bakin kogin Shinano da ke lardin Niigata, ɗan rawa Ohno Kazuo, mai shekara 95, yana zaune a kujera a ƙasa yana rawa da hannuwansa. Cikin 'yan mintoci aka gama. Nakagawa ya rasu a 2012, abin da ya rage na yawancin ayyukansa hotuna ne.

Wannan ya kawo wata matsala da har yanzu ba a warware ba. In aikin ya mutu hoto ya rage, to wanne ne aikin? Hoto yana tsayar da daƙiƙa guda, ya zaɓi gefe guda, ya kuma kawar da ƙamshi da wari. Akwai masu fasahar da suka rungumi hoton gaba ɗaya. Azuma Makoto, wanda ya shigo sana'ar ta kasuwar furanni ba ta gaban malami ba, a 2014 ya ɗaura wata 'yar bishiya da dami na furanni a jikin balan-balan daga hamadar Nevada, suka tashi kimanin mita 30,000, aka ɗauki hotonsu da baƙin sararin samaniya a baya. Abin kallo ne ƙwarai, amma ƙarfinsa daga nisan tafiyar yake, alhali ƙarfin Hanabozu daga cikin furen yake fitowa.

Tasirin bai tsaya a Japan ba. Camille Henrot, Bafaranshiya da aka haifa a 1978, wadda ta ci lambar azurfa a babban nunin Venice na 2013, ta koyi ikebana bisa tsarin Sogetsu, sa'an nan ta ɗauki littattafan da ta karanta tana mai da kowanne jeren furanni. Sunan aikin tambaya ne: ko mutum zai iya zama ɗan juyin juya hali kuma ya so furanni? An nuna shi a Faris cikin 2012, a babban nunin da Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya haifaffen Kalaba, ya shirya. Jeren da ta yi wa littafin Aimé Césaire kan mulkin mallaka, alal misali, reshen dabino ne da furen tulif mai lanƙwasa baya. Tana zaɓen tsiro saboda sunansa, da ƙasar da aka ɗauko shi, da hanyar cinikin da ta kai shi Turai, har wani lokaci ta haɗa da waya ko tiyo. Tsohon malamin Ikenobo zai iya cewa ta ɗora wa fure kayan da ba nasa ba, ta mai da shi haruffa, kuma zancensa ba zai rasa gaskiya ba. Amma da ba ta zauna ta koyi kafa kara a kan kenzan ba, da tunanin nata ya tsaya a takarda, gama reshen dabino ba ya tsayawa don an ba shi ma'ana.

Ga ma'aikatan gidajen nuni kuwa irin wannan aiki wahala ce sabuwa. An hore su su kare kaya daga laima da ƙwari da lalacewa, ga shi an kawo musu abin da ke buƙatar ruwa kowace safiya, wanda kuma dole ya lalace. Lokacin da aka kai aikin Henrot Tokyo a 2019, da hannun malaman Sogetsu aka sake jera shi, kuma muddin nunin na buɗe sai an riƙa zagayawa ana sauya ruwa, ana cire abin da ya yanƙwane, ana nemo sabon reshe a kasuwa wanda ba zai taɓa zama daidai da na jiya ba, a juya shi a hannu, a nemi fuskarsa, a yanke gindinsa a cikin ruwa.